Kalar Falonmu Kafin Ƙaramar Sallah

Lahadi, 2 ga Fabrairu, 2025 (3 ga Sha'aban)

Mun tsayar da magana da Abban yara: za a yi wa falo fenti kafin a ɗauki azumi, labule da sauran tarkace kuma su biyo baya sannu a hankali har zuwa jajibere. Fentin ne ba ya jira. Mai fenti da azumi a bakinsa cikin zafin Maris, da hantsi ya dubi ludayi aikin ranar ya ƙare, kuma ba wanda yake son shan ruwa cikin warin fenti. Teloli kuwa, da an shiga goman tsakiya ko sallama da ƙyar suke amsawa.

Kafin in kawo maganar abin da nake so, na fara rubuta abin da ba zai motsa ba. Kujerun na kayan ɗakina ne, ruwan makuba, masu hannun katako. Bara na tambayi kuɗin sake musu yadi, da na ji farashin sai na ga ashe har yanzu da sauransu. Tayil ruwan ƙasa ne mai haske, da ɗan jirwaye ja-ja a jikinsa. Kafet ja ne mai duhu, shi ma yana nan daram. Silin fari. Taga biyu ce, babbar tana kallon yamma, ƙaramar tana kallon tsakar gida ta arewa. Bangon yanzu ruwan hoda ne da ya koɗe, kuma daga ƙasa zuwa iya inda hannun autana yake kaiwa ba abin da babu: miya, biro, sawun ƙwallo.

Ke nan tun ban buɗe baki ba kala uku sun riga ni zama a ɗakin, kuma dukansu dangin ja ne da ƙasa. Duk abin da zan shigo da shi sai ya iya zama da su.

Laraba, 5 ga Fabrairu (6 ga Sha'aban)

Ƙanwata ta cika mini waya da hotunan Instagram. Duk falon da ta turo tafiyarsu ɗaya: bango ruwan toka, labule ruwan toka mai duhu, fararen kujeru, ɗan ruwan gwal nan da can. "Yaya, wallahi shi ake yayi. Ruwan madara ai sai gidan tsofaffi."

Ban ce ba su da kyau ba. Na dai ce ta sake duba ƙasan ɗakunan. Duk farin tayil ne ko baƙi, babu mai jan jirwaye irin nawa, babu kujera ruwan makuba. Sannan babu mutum ko ɗaya a hotunan. Falon da aka ɗauka ba yaro, ba kwano, ba tulin takalma a bakin ƙofa, ko me aka shafa masa zai yi kyau.

Duk da haka na sa ruwan toka cikin waɗanda za a gwada, kada a ce na yanke hukunci ban ji shaida ba. Abban yara kore yake so. Da na nuna masa kafet, ya dube shi ya dubi bango, sai ya yi dariya ya ce, "Ja da kore, mun zama dogaran Sarki ke nan." Da bakinsa ya janye.

Asabar, 8 ga Fabrairu (9 ga Sha'aban)

Zuwa da kai ya fi saƙo. Na sa guntun tayil da ya rage tun ginin gidan da rigar filon kujera ɗaya a jaka, muka nufi kasuwar Ƙofar Ruwa ta nan Kano da mai fentin da maƙwabtanmu suka haɗa mu da shi. Dattijo ne marar yawan magana. A hanya ya ce, "Hajiya, kada ki faɗa musu sunan kala. Ki nuna da yatsa, ki riƙe lambarta." A katin kamfani ɗaya kaɗai, abin da za a kira ruwan madara ya cika layi guda: wani ya karkata wajen rawaya, wani wajen hoda, wani ma kore-kore ne a ɓoye, ba ka ganewa sai ka ɗora farar takarda a gefensa. Da na aza guntun tayil ɗina a kan katin, rabinsu suka faɗi nan take.

Irin fentin ma magana ce mai zaman kanta. Fentin ruwa, wato emolshan, ba ya sheƙi, ya fi sauƙin kuɗi, kuma yana rufa wa bango asiri, amma in yaro ya dafa shi da hannun manja aka ce a goge, tabon faɗaɗa yake yi. Satin yana da ɗan sheƙi, ana goge shi da jiƙaƙƙen tsumma ya fita, sai dai ya fi tsada, kuma duk wani tudu da kwari na filasta sai ya tona shi. Fentin mai na ƙofa ne da ƙarfen taga. Malam mai fentin ya kawo shawarar a raba bangon biyu, ƙasa fentin mai mai duhu, sama fentin ruwa, yadda ake yi wa azuzuwan makaranta. Dabara ce mai amfani, amma ba na son layin nan da ke yanka ɗaki gida biyu. Mun tsaya a kan satin a bango, fentin ruwa a silin, da sharaɗin sai an yi wa bangon sikiridin, wato shafin da ke cike tudu da kwarin filasta, ya yi sumul tukuna.

Mai shagon ya yarda ya ɗan zuba mana samfuri a ƙananan robobi: ruwan toka mai haske, madara mai rawaya, madara mai karkata wajen yashi, da fari mai ɗan dushi.

Talata, 11 ga Fabrairu (12 ga Sha'aban)

Tun ranar Lahadi Malam ya shafa samfuran a bango, kowanne faɗin rabin mita, a wuri biyu: bangon da ke fuskantar babbar taga, da lungun bayan ƙofa inda haske ba ya isa sosai. Sai da ya fara shafa fari a ƙarƙashi, don kada tsohon ruwan hodan ya ruɗi ido. Na bar su ina dubawa lokacin kowace sallah.

Da hantsi duk huɗun lafiya lau, har ruwan tokan ya fi burge ni. Bayan la'asar ne aka rabu. Ranar yamma tana shigowa ta babbar taga da ja-ja a cikinta, ta bugi kafet da tayil ta dawo kan bango. Madara mai rawaya ta koma ruwan ƙwai sosai, ɗakin ya ƙara zafi a ido. Ruwan toka ya yi wani dishi-dishi kusa da kujerun, mutum ya rantse siminti ne ba a gama aiki ba. Farin yana ɗaukar ido har sai ka kau da kai. Ruwan yashin ne kaɗai ya zauna yadda yake, ya ɗan ƙara ɗumi kawai.

Da dare wata shari'ar ce daban, ta ƙwan fitila. Namu duk farare ne ƙal, a kwalinsu an rubuta 6500K. Wannan lamba ita ke nuna kalar hasken: in ta yi sama hasken ya yi fari har ya karkata wajen shuɗi, in ta sauko wajen 2700 ko 3000 sai ya yi rawaya irin na tsohon ƙwan da muka taso da shi. A ƙarƙashin farin ƙwai ruwan toka ya zama shuɗi-shuɗi mai sanyi, fuskar duk wanda ya zauna a gabansa ta yi fayau. Na aiki yaro ya sayo mai 3000K da mai 4000K. Na farkon ya mai da komai ruwan zuma, har farar jallabiyar Abban yara. Na biyun ya bar kowace kala a matsayinta. Shi za mu saya. Amma ban manta cewa in an ɗauke wuta fitilar caji ce za ta haska falon ba, ita kuwa fara ce fat, don haka na kashe komai na gwada da ita ma. Ruwan yashi bai ba da kunya ba.

Jiya kuma hazo ya taso, ya yi mini gwajin da ban shirya ba. Ƙurar hunturun nan, wadda yawancinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi iska ke kwaso ta, ba baƙa ba ce, fara-fara ce mai ɗan ruwan ƙasa. Shi ya sa baƙar talabijin da teburin gilas suke fara nuna ta. Na ja yatsa a kan kowane samfuri: a ruwan toka layin ya fito ƙarara, a ruwan yashi sai ka matso kusa. A garin da ake share ƙura wata uku zuwa huɗu a shekara, wannan ba ƙaramar hujja ba ce.

Juma'a, 14 ga Fabrairu (15 ga Sha'aban)

Mun je gaida Hajiya a cikin birni. Ina ba ta labarin aikin, na nuna mata hotunan samfuran a waya. Ta riƙe wayar nesa da ido, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ke 'yar nan, ranar Sallah wa zai kalli bango? Mutane ne kwalliyar ɗaki."

Daga nan hira ta ɓalle. A zamaninsu, in Sallah ta matso, farar ƙasa ake jiƙawa a shafe ɗaki, wasu su ɗan sa shuni don farin ya ƙara fita. Daɓe a gyara shi da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, ya yi duhu yana sheƙi. Shi ke nan aikin bango da ƙasa. Kalar ɗaki tana cikin jere: tasoshi da fanteka da langa da samira a saman juna har kusa da rufi, an wanke an goge suna ɗaukar ido, ga faifai masu rini a rataye, ga zanen gado. Zane mai launi iri-iri, su dagi da sauransu, a fuskar gida da zaure magina suke yin sa, inda mai wucewa zai gani. Ɗakin mace kuwa bangonsa baya yake ja, ya bar wa kaya fili.

A hanyar dawowa na riƙa lissafa waɗanda ke cika falona ranar Sallah. Maza da shadda fara, ruwan sararin samaniya, ruwan goro, da huluna kowacce da irin aikinta. Mata da leshi da atamfa, mayafi daban, ɗankwali daban. 'Yan mata da jan lalle da baƙi har gwiwar hannu. Yara da tabarau na roba kore shar da jakunkuna ruwan hoda. A tsakiya ga jan zoɓo, ga miyar taushe, ga lemo kala-kala. Ɗakin da zai ɗauki wannan duka ba ya bukatar bango mai surutu. Da ma can ruwan yashi nake karkata, amma yau na san dalilin da zan faɗa wa ƙanwata.

Wani abu kuma da Hajiya ba ta sani ba amma yana bayan maganarta: hoto. Kowa sai ya tsaya jikin bango an ɗauke shi. In bangon fari ne tas, kyamarar waya tana rage haske don ta daidaita shi, sai fuskokinmu su yi duhu. Bango mai ɗan sirki ya fi yi wa baƙar fata adalci.

Lahadi, 16 ga Fabrairu (17 ga Sha'aban)

Awo. Falon mita 5 ne da mita 4, tsayi mita 3. Zagayen bango mita 18, sau 3 ya ba da murabba'in mita 54. A cire ƙofofi da tagogi ya rage wajen 46. Lita ɗaya tana shafe kimanin murabba'in mita 10 a bango mai santsi, kuma sau biyu za a shafa, ke nan wajen lita 10. Malam ya ce a ɗauki bokiti mai lita 20 gaba ɗaya, a haɗa da ɗan lungun da ke kaiwa ɗakin cin abinci, sauran a ajiye. Dalilinsa: kalar da aka haɗa yau, in ta ƙare aka koma a sake haɗawa, da wuya ta fito daidai da ta farko, kuma a bango ɗaya bambancin ba ya ɓuya.

Masu ado na zamani suna da wani ƙiyasi da suke yawan faɗa, wai kashi 60 na ɗaki babbar kala, 30 mai bi mata, 10 ta yaji. Ba aya ba ce, amma ta taimaka mini in ga inda na tsaya. Bango da tayil, yashi, su ne sittin. Kujeru da kafet, makuba da ja mai duhu, su ne talatin. Duk masu ɗumi ne. Goman da ta rage dole ta zama mai sanyi, in ba haka ba ɗakin zai yi nauyi a watan da ake neman inuwa. Shuɗi nake tunani, shuɗin baba.

Talata, 25 ga Fabrairu (26 ga Sha'aban)

An gama fenti. Sikiridin da gugar samfefa ne suka ci lokaci suka kuma cika gidan da farar ƙura, har cikin tukunya. Shafin farko da ya hau bango gaba ɗaya ya fi samfurin duhu a ido, Abban yara ya leƙo ya ce anya kuwa. Malam ko ɗagowa bai yi ba: "Alhaji, a bari ya bushe." Kala a babban fili kullum ta fi ƙarfi a kan yadda take a ɗan kati, shi ya sa tun a kasuwa ya sa na ɗauki wadda ta fi wadda nake so haske da mataki ɗaya. Da ya bushe aka yi na biyu, ya zauna daidai.

Ƙarfen taga da ƙofa an yi musu fentin mai ruwan makuba, da sassafe kafin iska ta tashi, don fentin mai yana daɗewa bai bushe ba kuma duk ƙurar da ta sauka a kansa ta zauna ke nan. Na sa Malam ya rubuta lambar kalar a murfin bokitin da kuma bayan ƙofar sito.

Asabar, 1 ga Maris (1 ga Ramadan)

An ga wata jiya, yau mun tashi da azumi. Warin fenti ya fita. An mai da kujeru da kafet, tagogi kuma tsofaffin zannuwa na rataya musu kafin labule. Allah ya sa mu ga ƙarshensa lafiya.

Alhamis, 6 ga Maris (6 ga Ramadan)

Kantin Kwari da safe, kafin rana ta buɗe da kuma kafin cunkoson masu sayayyar Sallah ya kai inda yake kaiwa. Wannan karon ɗan katako na riƙe wanda Malam ya shafa wa fentin bangon.

Niyyata ta farko labulen ne zai zama shuɗi. A shago na ga wani mai duhu mai nauyi, ya yi kyau ƙwarai a jikin katakon. Abu biyu suka hana ni. Yadi mai duhu a tagar yamma rana tana cin sa, kafin shekara ta zagayo wajen ninkin ya yi fari-fari. Sannan ƙura, wadda ta fi son duhu. Ga shi labule ba abin da za a sauke a wanke duk sati ba ne. Don haka labule ya koma cikin dangin bango: ruwan zuma mai haske, ya ɗan fi bangon duhu kaɗan, saƙa mai kauri marar fure. Mai shagon ya yi ta tura mini wani mai ruwan gwal da duwatsu a baki. "Hajiya, wannan shi manyan mata ke ɗauka." Na ce Allah ya ba manyan mata lafiyar wanke shi.

Na fito da yadin bakin ƙofar shago na duba shi a hasken rana kafin a yanka, don fitilun cikin shagunan nan suna ƙara wa kowane yadi kyan da ba nasa ba. Faɗin taga sau biyu aka auna, saboda tattara. Babbar taga za a sa mata shafi fari a baya, ya tare rana ya kuma kare yadin, da ɗan shara-shara fari a ciki don rana in an yaye mai kaurin.

Alhamis, 13 ga Maris (13 ga Ramadan)

Karofin Ƙofar Mata. Shekara da shekaru ina wucewa ta gabansa a mota, yau na shiga da niyyar ciniki. An kafa shi tun 1498, kuma har yau da baba da toka da kanwa ake haɗa ruwan, a bar shi a rami ya yi makonni yana nuna. Ramuka da yawa sun bushe ba mai aiki a kansu, kaɗan ne ke da ruwa. Na tsaya kan wani dattijo yana tsoma yadi: in ya ɗago shi kore-kore yake fitowa, yana shan iska a hannunsa sai ka ga yana juyewa shuɗi a gaban idonka. Ya mayar, ya sake ɗagowa. Yawan tsomawar ne ke sa duhu, daga ruwan sararin samaniya har zuwa wanda ya kusa baƙi. Zanen jikin kuwa mata ne ke ɗaure shi da zare a gida kafin a kawo rini, in an kwance sai fararen zobba su fito. Daga gefe ana jin sautin mabuga suna dukan yadi a kan gungume don ya yi sheƙi.

Na zaɓi zane biyu, na ce filon kujera zan yi da su. Dattijon ya dube ni ya ce, "Hajiya, masu fararen kaya za su zauna a kai?" Ya ciro wani farin ƙyalle, ya ɗan jiƙa shi, ya goga a gefen zanen, ya nuna mini. Shuɗi ya hau. Ya ce sabon rinin baba haka yake, sai ya sha wanki yake daina zuba, shi ya sa Buzaye masu naɗa turkuɗi fatarsu take yin shuɗi. Na hango baffan yara ya jingina da sabuwar farar shaddarsa, ga zufar ƙarshen Maris. Mutumin da ya gaya maka aibin hajarsa kafin ka biya, ka riƙe shi.

Shiri ya canza. Zane ɗaya, mai manyan zobba, za a ɗame shi a firam ɗin katako a rataye a bangon da rana ba ta bugu kai tsaye. Ɗayan a wanke shi sosai a shimfiɗa a kan teburin gefe inda ba mai jingina. Filo kuwa yadin kamfani za a nema mai irin wannan shuɗin, wanda ba ya zuba.

Litinin, 17 ga Maris (17 ga Ramadan)

Kasuwar Kurmi, wadda ke nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. A layin dukawa na ɗauki tumtum biyu na jar fata, irin jan da ake samu daga karan dafi, ba mai ƙyallin roba ba. Ja ne, amma ɗan gidan su kafet ne, don haka bai ƙara sabuwar kala ba. Faifai na sha wahalar zaɓe, don yawancin na yanzu an rina su da galura, shunayya da kore masu ihu. Na tono uku masu kalar kaba da ɗan baƙi da ja. Sai tiren tagulla guda na dabino da goro. Nan na ja wa kaina birki. Akwai ƙwarya mai zane, akwai buta, akwai abin rataye iri-iri, kuma duk suna kira, amma falon zama nake gyarawa ba shagon tsaraba ba.

Lahadi, 23 ga Maris (23 ga Ramadan)

Labule ya iso, an rataye. Na sa an kafa sandar sama da taga sosai, kusa da silin, labulen ya sauko har ya kusa taɓa tayil amma bai share ƙasa ba. Ɗakin ya ƙara tsayi a ido.

Rigunan filo ne suka maƙale a wurin tela. Ya karɓa tun kafin goman tsakiya ta ƙare, yau gobe, yau gobe, ɗinkin Sallah ya binne su. Na aika an karɓo yadin, maƙwabciyata mai keke a gida ta ce zuwa jibi. Guda shida ne: huɗu shuɗi, biyu ruwan yashi da bakin shuɗi. Ƙanwata ta zo shan ruwa, ta tsaya tsakiyar falo tana juyawa. Ta ce, "Yaya, ya yi kyau, amma kamar da saura." Na ce da saura, sai ranar Lahadi ko Litinin za su zo da ƙafarsu.

Asabar, 29 ga Maris (29 ga Ramadan)

Jajibere, in an ga wata. An sanar da dakatar da hawan Sallah a Kano bana, ƙasa da wata huɗu bayan UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024. Ga gidan nan ma'anarsa ita ce waɗanda suka saba gaisawa a tsaitsaye su wuce kallon Hawan Daushe, bana zama za su yi. Na sa an fito da tabarmi biyu na ƙari, an matsar da teburin tsakiya gefe.

Kaskon turaren wuta na canza masa wuri. A da a lungu yake jikin bango, kuma hayaƙinsa ne ya yi wa tsohon fentin baƙin tabo har sama. Yanzu yana kan tire a tsakiyar ɗaki, a turara a ɗauke. Labule ma yana riƙe ƙamshin, ya isa.

Talata, 1 ga Afrilu (3 ga Shawwal)

An yi Sallah ranar Lahadi. Allah ya maimaita mana.

Jiya bayan azahar falon ya cika har ƙofa. Na tsaya daga bakin kicin da tiren waina a hannu ina kallo. Gwaggon yara da leshi ruwan goro a kan kujera ruwan makuba, filo shuɗi a bayanta. 'Yan mata uku da anko kore a kan jan kafet. Dogaran Abban yara dai sai da suka zo, amma da yamma suka tafi gidajensu. Baffa da farar shadda ya jingina da filo tun daga zuwansa har la'asar, ya tashi bayansa fari tas. Hotunan da aka ɗauka jikin bangon zanen baba su suka fi yawo a wayoyin dangi, fuskoki sun fito sarai. Mutum biyu sun tambayi inda na samo zanen, ɗaya ta ɗauka daga waje aka kawo shi. Na ce ta hau adaidaita ta ce Ƙofar Mata. Ba wanda ya ce komai game da bango.

Hajiya ta zo da yamma, ta zauna a kan tumtum ta ƙi kujera. Ta shafa fatar ta ce irin ta da ce. Faifan kuma ta ce an rataye su da nisa, abin da ake rufe kwano da shi bai kamata ya fi ƙarfin hannu ba. An sauko da su.

Asabar, 5 ga Afrilu (7 ga Shawwal)

Lissafin ɓarna. Zoɓo ya zube a kafet, ba a ma gane wurin. Hannun miya a bango wajen makunnin fitila da bayan ƙofa, tsumma da ɗan ruwan sabulu sun fitar. Wani yaro ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin taga, wannan bai fita duka ba, sai an taɓa shi da ragowar fentin. Filo biyu masu ruwan yashi su suka fi shan wahala, maiƙo ya kama ɗaya. In za a ƙara, shuɗi za a ƙara. Labule mai shara-shara ya fara ɗaukar ƙura a ƙasa, za a rage masa tsawo kaɗan.

Ragowar fenti ta kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na bokiti, an rufe da leda an danne murfin. Malam ya ce bangon tsakar gida kada a taɓa shi yanzu, Babbar Sallah za ta faɗo farkon Yuni ne, ruwa ya fara sauka, kuma akwai inda danshi ke tasowa ta gindin bangon arewa da sai an fara gyara filastarsa. Zai zo ya duba wurin bayan ruwan farko.